Abin da ke ƙarƙashin gonakin Gobir: Na'urar neman ƙarfe, tsofaffin kuɗi da matsayin doka

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka manoma suka shiga huɗa a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na Jihar Sakkwato, bakin garma yakan tono abubuwan da ba wanda ya shuka su: tsingaron tsohuwar tukunya, ƙwayar wuri da ta yi fari fat, guntun ƙarfe da tsatsa ta cinye, wani lokaci kuma kwabo mai huda a tsakiya. Galibi manomi yakan jefar da su a bakin kunya ya ci gaba da aikinsa.

A wasu ƙasashen, musamman Ingila, irin waɗannan tarkacen ne dubban mutane suke bin gonaki da na'ura suna nema bayan an yi kaftu. Ita ma wannan na'ura ta daina zama baƙuwa a yankin Sahel tun bayan da aka yi rububin zinariya a Jado, arewacin Jamhuriyar Nijar, a 2014, inda masu haƙa suka dogara da ita ƙwarai. Saboda haka ɗan kasuwar da aka yi wa tallar na'urar, ko ma'aikacin da aka kawo wa tsohon kuɗi ofis aka ce ya saya, yana buƙatar sanin abin da ƙasar Gobir take ɗauke da shi, da abin da na'urar take iya ji, da iyakar da doka ta gindaya.

Yadda na'urar take aiki

Na'urar neman ƙarfe sanda ce mai faifai a ƙasa, a cikin faifan akwai nannaɗaɗɗiyar waya. Idan batir ya tura wuta cikin wayar sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. In ƙarfin ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen yakan mayar da nasa martanin, faifan ya ji, na'urar ta yi ƙara. Na'urori na zamani suna iya kintatar ko baƙin ƙarfe ne ko tagulla ko azurfa, amma kintace ne kawai, sai an tona ake tabbatarwa.

Tunanin ya daɗe. A 1881 Alexander Graham Bell ya gwada wata na'ura irin wannan don gano harsashin da ke jikin Shugaban Amurka James Garfield, bai yi nasara ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera ta neman nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da ita a fagen daga na El Alamein a Masar a 1942. Bayan yaƙin ne ta shiga hannun fararen hula.

Abu biyu ya kamata mai saye ya sani. Na farko, zurfin da take ji bai kai yadda masu talla suke faɗa ba. Abu ƙarami kamar kwabo, na'ura ta yau da kullum takan ji shi ne a zurfin santimita 20 zuwa 30, wato taƙi ɗaya da 'yan kai, kusan iyakar inda garmar shanu take juya ƙasa. Babban abu ne kaɗai ake ji daga nesa da haka. Na biyu, ba ta jin komai sai ƙarfe. Tukunya, ƙashi, gawayi, dutsen ado da wuri duk ba sa sa ta motsi. Ƙasa mai marmara kuwa takan ruɗa ta, ta yi ta ƙara alhali ba komai, domin ita kanta marmarar tana ɗauke da sinadarin ƙarfe.

Ƙasar da ake magana a kanta

Sabon Birni da Isa suna cikin kwarin gulbin Rima, inda Bunsuru da Gagare suke haɗuwa, ga Nijar daga arewa, ga Shinkafi ta Jihar Zamfara daga kudu. A cikin ƙasar Sabon Birni ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir a zamanin da masarautar ta fi ƙarfi. Gobirawa sun sauko nan ne daga arewa bayan zamansu a Birnin Lalle. Tarihin baka ya nuna cewa Sarkin Zamfara ne ya ba su masauki a gonar alƙalinsa, daga nan sunan ya samo asali. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama fadar mulki. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, haka Yakuba da Nafata da Yunfa.

Bayan ɓarkewar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, yankin ya zama fagen daga. A ƙarshen wannan shekara aka gwabza a Tsuntsuwa, kusa da birnin, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mutane masu yawa, ciki har da mahaddata Alƙur'ani. A watan Oktoban 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa. Bello da kansa ya ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe a littafinsa Infaƙul Maisur. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ƙarƙashin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Isa kuma ta zama ribaɗi, wato garin tsaron iyaka na Daular Sakkwato. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma tsakanin 1906 da 1908 suka shata iyaka tare da Faransawa, iyakar da ta raba Gobirawa gida biyu har yau.

Ma'ana, a cikin shekara 150 wannan ƙasa ta ga birni mai ganuwa da kasuwa da maƙera da barga, ta ga yaƙi da hijira, ta ga garuruwa sun tashi sun koma kufai, kufan kuma ya koma gona. Duk wannan ya bar alama a ƙarƙashin turɓaya.

Kuɗin Gobir wuri ne

Wanda yake tsammanin tono tulu cike da tsabar zinariya ta zamanin Bawa ya jahilci yadda ake ciniki a lokacin. Sarakunan Hausa ba su buga tsabar kuɗi da sunansu ba, haka ma Daular Sakkwato. Kuɗin kasuwa wuri ne, ƙwanson wata ƙaramar halittar teku da ake kawowa daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya, daga baya kuma daga gaɓar gabashin Afirka. Kalmar kuɗi kanta asalinta jam'in wuri ce. Ana ƙirga shi da zambar, wato dubu, ana ɗura 20,000 a keso guda. Manyan hada-hada kuwa akan yi su da tufafi, gishiri, dawaki da bayi.

Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Bisa wannan lissafi keso guda daidai yake da dala takwas kacal. To ko da wani attajirin Alƙalawa ya binne dukiyarsa a daren da birnin zai faɗi, mai yiwuwa wuri ya binne, wuri kuwa na'ura za ta wuce ta kansa shiru.

Tsabar ƙarfen da aka sani kafin zuwan Turawa baƙuwa ce. Mafi shahara ita ce dalar Mariya Tariza ta ƙasar Austriya, mai nauyin giram 28, wadda fatake suke kawowa ta hamada. Mutane sun fi ɗaukar ta a matsayin ajiya da kayan ado, maƙeran farfaru kuma suna narka ta su yi zobba da mundaye. Akwai abin lura a nan ga mai saye: tun bayan rasuwar sarauniyar a 1780, duk wadda aka sake bugawa shekarar 1780 ce a jikinta, kuma an buga ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana bugawa a Biyana. Ganin 1780 a jiki ba ya nuna shekarunta, darajar mafi yawansu ba ta wuce ta azurfar da ke cikinsu ba.

Anini, kwabo da sule

Tsabar da aka fi tsinta a gonakin Arewa ta zamanin mulkin mallaka ce. Turawa sun hana shigo da wuri a 1904, sannan a 1907 suka fito da kwabo da anini, duka biyun masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci a jiki. An yi anini ne don ya maye gurbin wuri a ƙananan sayayya: anini 10 kwabo ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. A tsakani akwai taro, kwabo uku ke nan, da sisi, kwabo shida, da dala mai sule biyu. Aninin farko da alminiyom aka yi shi, amma bai jure yanayin ba, aka sauya ƙarfen a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta ci gaba da bugawa har Najeriya ta fito da nata kuɗin a 1959. Naira da kwabon yanzu sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 1973.

Da yake yankin bakin iyaka ne, ba abin mamaki ba ne a tsinci kuɗin Faransa a cikinsa. Har yau a Hausar Nijar dala tana nufin faran biyar na sefa, kuɗin da aka ƙirƙiro a 1945.

Waɗannan tsabobi an buga su da miliyoyi, don haka a kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi farashin galibinsu kaɗan ne, balle wanda ya shekara 80 a ƙasa ya goge. Ko kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba, an buga shi da yawa. Duk wanda aka ce ya zuba jari a sayen kwabo mai huda saboda wai wasu Turawa suna saye da miliyoyi, ya tuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Abin da na'urar za ta iya tararwa

Idan aka cire kuɗi, ƙarfen da ake tsammani a tsohon mazauni irin na Gobir kayan aiki ne da na yaƙi da na ado: bakin kibiya da na mashi, guntun takobi ko wuƙa, linzami da likkafa, zoben sulke, ruwan fartanya da na gatari, munduwa da zoben tagulla, sai kuma kashin maƙera a inda aka taɓa narkar da tama. Baƙin ƙarfe yakan fito ne a dunƙule cikin tsatsa, da wuya a gane siffarsa. A wurin mai gwangwan kilo ne na ƙarfe kawai. A wurin masanin tarihi kuwa shaida ce, muddin an san inda ta fito.

Dalili shi ne ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Bakin kibiya da aka samu a gindin ganuwa tare da toka da gawayi yana iya nuna inda aka yi artabu, gawayin kuma a auna shi a ɗakin bincike a kintaci shekarunsa. Linzaman da suka taru wuri ɗaya suna iya nuna inda barga take. Da zarar an zaro abin an jefa a buhu tare da wasu, wannan bayani ya tafi ke nan, ba kuma mai iya mayar da shi. Garma tana juya saman ƙasa ne kawai. Ramin mai neman dukiya shi ne yake ratsa hawan da bai taɓa motsi ba.

Najeriya ta ga ɓangarorin biyu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumin yumɓu da wani ya kafa a gonar doyarsa a yankin Jama'a don korar tsuntsaye, daga nan binciken al'adar Nok ya kankama. A Durɓi Takusheyi ta Jihar Katsina, tonon da masana suka yi a 1992 ya fito da wuri da duwatsun ado da mundayen tagulla da kayan zinariya da kwanon ƙarfe daga Gabas ta Tsakiya, abin da ya tabbatar da cewa ƙasar Hausa tana cikin cinikin nesa tun wajen ƙarni na 14. An iya sanin haka ne saboda an rubuta inda kowane abu yake kwance. A ɗaya ɓangaren, mutum-mutumin yumɓu da dillalai suke kira na Sakkwato da na Katsina an kwashe su ne ta haramtacciyar hanya, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Suna nan a ɗakunan attajiran ƙetare, amma abin da aka sani game da waɗanda suka yi su ƙalilan ne, domin masu tonon ba su bar bayani ba.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Kayan tarihi suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa, bayan dokar farko ta 1953. A ma'anar dokar, kayan tarihi sun haɗa da duk abin da aka tono mai amfani ga binciken zamanin da, da kuma kayan fasahar gargajiya da aka ƙera kafin 1918.

Dokar ta hana tono don neman irin waɗannan kaya sai da izinin hukumar. Wanda ya ci karo da su ba da niyya ba, kamar manomi a bakin aikinsa, wajibi ne ya sanar da hukumar da ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai, tare da bayanin wurin. Ba a sayen kayan tarihi sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma sayarwa sai gare shi. Fitar da su waje yana buƙatar takardar izini. Saɓa wa wannan yana jawo ƙwace kayan da tara ko ɗauri. Najeriya tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta haramta fataucin kayan tarihi tsakanin ƙasashe, saboda haka tsallakawa da su Maraɗi ko Ƙonni ba ya wanke su. Wannan ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye, domin mai saye ma yana cikin laifi, ko da bai taɓa riƙe shebur ba. Mallakar gona kuma ba ta ba mutum ikon tonon kayan tarihi. Idan zinariyar da ke cikin ƙasa ake nema, wannan ma'adini ne, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun danƙa shi ga Gwamnatin Tarayya.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a yankin, an bambanta abu biyu. Rikazi shi ne dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar nata. Abin da alama ta nuna na Musulmi ne kuwa tsintuwa ce, ana cigiyarta har shekara guda. Tone kabarin Musulmi don neman dukiya haramun ne, kuma Alƙalawa birni ne da Musulmi suka zauna suka binne matattunsu, ciki har da sarakunan da jikokinsu suke raye a Sabon Birni da Tsibiri.

Yadda Ingila ta tsara nata

Ana yawan kafa hujja da labaran Ingila ba tare da ambaton ƙa'idojin da ke bayansu ba. A can ba a shiga gona sai da yardar mai ita, wuraren tarihi da aka keɓe kuma haramun ne a bi su da na'ura ba da izini ba. Dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci taska ya kai rahoto cikin kwana 14, sannan tun 1997 akwai shirin da jami'ai suke rubuta ƙananan abubuwan da jama'a suka tsinta da inda suka tsince su. A watan Yulin 2009 wani mai na'ura ya gano tarin kayan yaƙi na ƙarni na 7 a wata gona a Staffordshire, zinariyar ciki ta kai kilo biyar. Ya kai rahoto, masana suka ƙarasa tonon, aka ƙiyasta kuɗinsu kimanin fam miliyan 3.3, gidajen tarihi suka biya, aka raba tsakaninsa da mai gonar. Ya samu kuɗin ne ta hanyar rahoto, kayan kuma suna nan jama'a na kallo. Ƙasar Ingila ta yi shekara 2,000 tana amfani da tsabar ƙarfe, shi ya sa gonakinta suke cike da ita. Gonakin Gobir tarihinsu daban ne.

Idan garma ta tono wani abu

Akwai haɗarin da ya keɓanta da wannan yanki a yau. Sabon Birni da Isa suna cikin wuraren da rikicin 'yan bindiga ya fi addaba, gonaki da dama sun shekara ba a noma su ba, an kuma yi artabu a dazuzzukan da ke kewaye. Ƙarar na'ura ba ta bambanta tsohuwar likkafa da harsashi ko abin fashewar da bai tashi ba. Duk ƙarfen da ba a gane siffarsa ba, a bar shi inda yake, a sanar da jami'an tsaro.

Idan kuwa tsohon abu ne, kada a faɗaɗa ramin. A ɗauki hotonsa da waya a inda yake kwance, a ajiye wani abu kusa da shi don nuna girmansa, a rubuta sunan gonar da ranar. Kada a goge shi da toka ko lemon tsami ko ruwan batir, domin hakan yana cinye rubutu da zanen da ake gane abu da su. A naɗe shi a busasshen ƙyalle, a ajiye inda ba laima. Daga nan a sanar da mai unguwa ko hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, su kai maganar ga jami'an NCMM. A birnin Sakkwato akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa.

Mafi yawan abin da aka rubuta game da faɗuwar Alƙalawa ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka ci ta da yaƙi, sauran kuma yana bakin maroƙa da dattawan Gobir. Shaida ta uku tana kwance a ƙarƙashin gero da dawa. Kowane rami da aka haƙa cikin dare yana rage ta, kowane hoto da manomi ya ɗauka ya kai rahoto yana ƙara abin da Gobirawan Najeriya da na Nijar za su iya sani game da birnin kakanninsu.